Tsohuwar Algaitar Sikotlan: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Saya

A gidan adana kayan tarihi na ƙasar Sikotlan da ke Edinbara akwai wata algaita mai salka da aka sassaƙa wa shekarar 1409 a jiki, da lambobin Romawa. An daɗe ana tinƙaho da ita, ana saka hotonta a littattafai a matsayin wadda ta fi kowace tsufa cikin irinta. Da masu bincike suka zauna mata, sai ta tabbata aikin ƙarni na 19 ce, zargi kuma ya faɗa kan gidan Glen, maƙeran algaita na Edinbara, domin daga hannunsu ta fito. Hugh Cheape, wanda ya yi shekaru yana aiki a wannan gidan tarihi, ya fitar da littafi a 2008 ya nuna ba ita kaɗai ba ce. Da yawa cikin algaitun da ake jingina wa yaƙe-yaƙen dā, ko dai ƙirar baya-bayan nan ce, ko kuma haɗe-haɗe. To, in masana da ke da kayan a hannu sun sha ƙasa haka, ina ga wanda hoto kawai ya gani a intanet?

Abin busar da ake magana a kai shi ne wanda masu shi ke kira bagfaif. Duk wanda ya taɓa kallon faretin soja ko na 'yan sanda a Nijeriya ya san kukansa, don an gaje shi daga sojan Birtaniya. Mai algaita a fada kumatunsa ne ma'ajiyar iska. Na Sikotlan ya ɗora wannan aiki a kan salkar fata da yake matsewa a hammata. Daga salkar sanduna biyar ke fita: sandar hura iska, sandar da ake danna wa yatsu wadda ake kira canta, sai sandunan amo uku da ke kwance a kafaɗa suna gunji ba ƙaƙƙautawa, doguwa ɗaya da gajeru biyu. Doguwar gaɓa uku ce, gajerun kowace gaɓa biyu. Kowace sanda kuma tana da mazaunin katako da aka ɗaure a jikin salkar. In ka lissafa, katako goma sha huɗu ke nan.

Wannan lissafi shi ne tushen maganar duka. Ba abu ɗaya kake saye ba, abu goma sha huɗu ne, kuma kowanne zare shi ake yi a mayar. Algaitar da ta shekara ɗari ta bi ta hannun mutane da yawa, ta shiga bariki, ta shiga ruwan sama, ta faɗi. Mazauni ya dare an sake wani, gaɓa ta ɓata an aro ta wata. A rundunar soja ma, inda ake tara algaitu da yawa a ɗaki guda, musayar gaɓoɓi ba abin mamaki ba ne. Saboda haka in mai sayarwa ya ce maka "wannan ta Henderson ce", tambayar da za ka yi ita ce: guda nawa ne na Henderson a ciki? Salka, harsunan kara masu fitar da amo, igiyar da ke haɗa sandunan amo da rigar ado kuwa kada su ɗauke maka hankali. Kayan ƙarewa ne, ana sake su kowane 'yan shekaru, ba su faɗin komai game da shekarun algaita.

Sunayen da ke sa farashi ya tashi ba su da yawa. Akwai Peter Henderson na Gilasgo, wanda ya karɓi shagon Donald MacPhee a 1880. Akwai R. G. Lawrie, shi ma na Gilasgo, da ya kafa kamfaninsa a 1881. Akwai Duncan MacDougall na Aberfeldy, wanda ya rasu a 1898, ɗansa Gavin ya ci gaba. Sai gidajen Glen biyu a Edinbara, da Center, da James Robertson, da Henry Starck na Landan. Masu busa a gasa suna neman ƙirar waɗannan mutane, musamman ta ƙarshen ƙarni na 19 zuwa wajajen 1930, saboda zurfin amon sandunan da yadda suke tsayawa daram ba sa kaucewa. Mai kyau, mai adon azurfa da hauren giwa, takan kai fam dubbai. Inda kuwa suna kaɗai ke ninka kuɗi, dole a sami masu ara wa kayansu suna.

Matakin farko mai sauƙi ne, kuma shi ya fi kama sababbin shiga. Garin Sialkot na Pakistan ya daɗe yana ƙera algaitun Sikotlan da yawan gaske, tun daga zamanin da ake gyara na sojojin mulkin mallaka. Sana'a ce ta halal, kuma mafi yawan abin da ke fita daga can mai araha ne, na ado ko na wasa. Matsalar tana tasowa ne in irin wannan ta kwana a ɗaki shekara talatin, ta yi ƙura, magada suka fito da ita gwanjo suna ce mata tsohuwar ƙirar Sikotlan, galibi ma da zuciya ɗaya. Ana gane ta ba wuya. Katakon ja-ja ne mara nauyi, wani lokaci an shafe shi da baƙin fenti, in ka zare gaɓa ka duba inda fenti bai kai ba za ka ga asalin launinsa. Ramin ciki kaushi gare shi, da burbushin katako. Ƙarfen ado siriri ne, zanen da ke kansa bugawa aka yi da inji. Sau da yawa takan zo cikin akwati tare da rigar ƙyalle mai ratsi-ratsi da harsunan kara da ba a taɓa busawa ba. Araha dai ba ta ado.

Wahalar gaske tana farawa ne in kayan tsoho ne da gaske, na Sikotlan ne da gaske, amma ba a san maƙerinsa ba.

Kowa tambari yake fara nema, kuma nan ne tarko na farko. Maƙera da yawa a jikin canta kawai suke buga sunansu, canta kuwa ita ce aka fi sauyawa cikin dukan gaɓoɓin. Dalilin shi ne sautin da ake busawa ya yi ta hawa sama cikin shekaru. A ma'aunin sauti na hez, tsofaffin canta suna kusa da 466 ko ƙasa da haka, na yau kuwa sun kai wajen 480. Mai busa da ke son shiga cikin ƙungiya dole ya ajiye tsohuwar ya sayi sabuwa. Ke nan canta mai sunan Lawrie a cikin akwati tana shaida kanta ne kawai, ba ta shaida sandunan da ke kwance kusa da ita. Tambarin da ke da nauyi shi ne wanda ke jikin sandar amo ko mazauni. Henderson kan buga nasa a cikin kwarmin da igiya ke bi a saman sandar, da ƙananan baƙaƙe waɗanda datti da tsohon man goge katako kan cike, sai an share a hankali an haska fitila a karkace kafin a gan su. Duk da haka rashin tambari ba hujja ba ce ta jabu, don algaitu na ƙwarai da yawa sun fita shago ba suna. Samunsa ma ba ƙarshen zance ba ne, tunda yin ƙarfen buga suna ba gagara ba ne. Tambarin da ya fito tsaf, gefensa da kaifi, a kan katakon da ko'ina nasa ya siɗe don tsufa, abin a tsaya a sake dubawa ne.

Akwai kuma wani abu: suna ɗaya ba ƙira ɗaya ba ce. Kamfanin Henderson ya ci gaba da aiki shekaru da dama bayan rasuwar mai shi, har R. G. Hardie ya haɗiye shi a farkon shekarun 1970, kuma har yau ana ƙera sababbi da wannan suna. Henderson ta 1910 da ta 1965 duk na gaske ne, amma tsakanin farashinsu akwai rata mai nisa.

Masana sun fi dogara da hannun masassaƙin. Ana juya katakon ne a inji, kuma kowane shago yana da salonsa da ƙarafunansa. Jikin sandunan akwai ƙananan layuka da aka zana a jere, tsakaninsu da zobba masu tudu. Yawan layukan a kowane rukuni, zurfinsu, faɗin zoben, siffar kan sandar mai kama da ƙararrawa, yadda kafaɗar gaɓa ta gangaro, duk waɗannan sa hannu ne da ya fi tambari wuyar kwaikwayo. Ko ba ka san salon kowa ba, akwai abin da za ka iya yi da idonka. Ka zare komai ka jera a kan farin ƙyalle cikin hasken rana. Ka ɗora gajerun sandunan biyu kusa da juna, su tagwaye ne, ya kamata su yi daidai a tsawo, kauri, zane da launi. Ka kwatanta mazaunan da juna. Gaɓar da layukanta suka fi na sauran kaifi, ko zobbanta suka fi faɗi, ko launinta ya bambanta, baƙuwa ce. Baƙuwa ɗaya, musamman sandar hurawa ko mazauninta, ba ta kashe ciniki, sai dai a rage kuɗi. In kuwa baƙin sun kai uku ko huɗu a cikin sandunan amo, to ba ƙirar kowa ba ce kuma, tarkace ne aka haɗa.

Sanya wa algaita suna daga siffa kuwa aikin waɗanda suka riƙa ɗaruruwa a hannu ne, kuma su ma sukan saɓa. Tsofaffin Lawrie da tsofaffin Henderson sun yi kama ƙwarai, gari ɗaya ne, zamani ɗaya, kuma masassaƙa kan bar wannan shago su koma wancan. Littafin Jeannie Campbell kan maƙeran algaitar Sikotlan, wanda ya fara fita a 2001, shi ne abin da aka fi komawa gare shi don sanin wa ya yi aiki a ina da yaushe. Cibiyar koyar da busa ta ƙasa da ke Gilasgo ma tana da ɗakin tarihi mai tsofaffin ƙira da za a iya kwatantawa da su. A ganina, masanin da ya ce maka "mai yiwuwa Lawrie ce, ta wajen 1920" ya fi cancantar amana fiye da wanda ya kalli hoto biyu ya yanke maka shekara da wata.

Daga waje sai ciki, domin amon a ramin yake. A zare kowace gaɓa a ɗaga ta wajen haske a leƙa kamar mai duba bakin bindiga. Ramin ƙwarai miƙaƙƙe ne, sumul, har yana ƙyalli. A auna faɗinsa da ma'aunin milimita irin na masu juya ƙarfe, a rubuta, don masana suna da ma'aunan manyan maƙera a ajiye. Abin tsoro a nan shi ne algaitar da wani ya ƙara wa faɗin rami yana neman ƙarin amo. Abin da aka rarake ba ya dawowa, kuma daga ranar sautinta ya daina zama na maƙerinta, ko da tambari goma ne a jikinta. Wurin da gaɓa ke zamewa cikin 'yar'uwarta don daidaita sauti shi ma a gwada shi: ya kamata ta tafi da santsi iri ɗaya daga farko har ƙarshe. In tana cijewa a baki tana sakwarkwacewa a ciki, ramin ya cinye. MacDougall kan saka bututun tagulla a wannan wuri, amma wasu ma sun yi, don haka tagulla alama ce, ba hukunci ba.

Katakon kansa yana ba da labarin zamani. Maƙeran ƙarni na 19 sun fi amfani da eboni, baƙin katako ɗan'uwan kanya, da kuma kokas, wani katako mai ruwan ƙasa da ake kawowa daga Jamaika da Kuba. Daga farkon ƙarni na 20 ne baƙin katakon Afirka, wanda Waswahili ke kira mpingo, ya fara karɓe kasuwa, har ya zama shi ne abin yi. Daga Tanzaniya da Mozambik aka fi kawo shi. Yana da nauyi har yakan nutse a ruwa, yana da maiƙo, in ka haska shi sosai za ka ga ja-ja ko ruwan ƙasa a ƙarƙashin baƙin. Eboni ya fi shi bushewa, shi ya sa ya fi saurin darewa. Wanda ya ce maka algaitarsa ta 1820 ce alhali mpingo ce tun daga sama har ƙasa, sai ya kawo ƙarin bayani.

Sai adon. Farin abin da ke zagaye da gaɓoɓin yana iya zama hauren giwa, ko ƙashi, ko roba, kuma bambancin kuɗi ne mai yawa, bambancin doka ne kuma. Hauren giwa, in an duba inda aka yanka shi a gicciye da madubin ƙara girma, yana da layuka masu saƙa da ke gitta juna, kuma ba su cika daidaituwa ba. Ƙashi yana da ƙananan ɗigo-ɗigo baƙaƙe, hanyoyin jini ne. Wata tsohuwar roba da ake kira seluloyid an yi mata layuka don ta yi kama da haure, amma nata a miƙe suke, a jere daidai wa daida, daidaiton ne ma ke tona ta. Wata kuma, katalin, fara take fita daga shago, shekaru su mayar da ita launin kabewa. Ganin wannan launi yakan nuna ƙirar tsakiyar ƙarni na 20, kuma ba aibi ba ne, algaitu masu daɗin amo da yawa haka adonsu yake. Fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita tana taimakawa: haure da ƙashi sukan yi haske fari mai shuɗi-shuɗi, robobi da yawa kuwa sukan dushe. Kada a yarda da shawarar soka allura mai zafi, ɓarna ce kawai a kan kayan mutane.

In ya tabbata haure ne, to wata sabuwar magana ta taso. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ta hana cinikin hauren giwar Afirka tsakanin ƙasashe tun 1989. Birtaniya ta yi tata doka a 2018, ta fara aiki a watan Yunin 2022. A ƙarƙashinta ba a sayar da abin kiɗa mai haure sai an ƙera shi kafin 1975, hauren bai kai kashi 20 cikin ɗari na jikinsa ba, kuma an yi masa rajista. Ketare iyaka da shi kuma yana buƙatar takardar izini ta daban. Wanda ya saya ba takarda yana iya rasa kayan gaba ɗaya a hannun kwastan. Shi ya sa wasu masu busa ke cire hauren su ajiye, su sa na roba, don su sami damar tafiya gasa a ƙasashen waje. Mpingo ma ya shiga jerin CITES a 2017, sai dai a 2019 an sassauta wa kayan kiɗan da aka riga aka ƙera.

Azurfa ita ce kaɗai ke zuwa da shekara a rubuce, shi ya sa take ruɗin mutane. A Birtaniya ana kai azurfa ofishin gwaji a buga mata ƙananan hatimai: na maƙeri, na ingancin ƙarfen, na garin da aka gwada, da harafi ɗaya mai nuna shekara. Hatimin Bamingam ƙugiyar jirgin ruwa ce, na Landan kan damisa, na Edinbara ganuwa mai hasumiya uku, na Gilasgo bishiya, kuma ofishin Gilasgo ya rufe a 1964. Harafin shekara yana zagayowa bayan shekara ashirin ko ashirin da 'yan kai, salon rubutunsa da siffar da'irarsa ne ke raba wannan zagaye da wancan, don haka karanta shi sai da jadawali. PH na nufin Henderson, RGL na nufin Lawrie. Amma duk wannan shekarar azurfar yake faɗa, ba ta katakon ba. Mutum kan sayi algaita mara ado yana saurayi, ya sa mata azurfa bayan shekara talatin da ya sami hali. Wani kuma kan kwashe tsohuwar azurfa daga wadda ta lalace ya ɗora wa sabon katako. A duba duk zobban ko harafinsu ɗaya ne, a duba ko sun zauna daidai ko an cike ƙarƙashinsu da zare da danƙo. Farin ƙarfen da ba hatimi kuwa yawanci nikel ne, ko da ana ce masa azurfar Jamus babu ko ƙwayar azurfa a cikinsa.

Darewa ba ta kashe algaita. Da wuya a sami ta eboni mai shekara ɗari da ba ta da tsaga ko ɗaya, kuma ƙwararrun masu gyara suna ɗaure tsaga da zare a cikin kwarmi su rufe har ido ba ya gani. Abin da ake so shi ne a faɗa maka. Wuraren dubawa su ne mazaunai, musamman na hurawa da na canta inda danshi ya fi taruwa, da ƙarƙashin zobban ƙarfe inda tsaga ke ɓuya. Gwaji mai sauƙi: toshe bakin gaɓa ɗaya da yatsa, ka hura ta ɗayan, in iska na sulalewa za ka ji. Wanda zai kawo irin wannan kaya ƙasar Hausa kuma ya sani cewa katakon da ya saba da danshin Sikotlan bai san hunturu ba. Tsagar da ke kwance tana iya buɗewa a sanyin farko in ba a ajiye shi a akwati mai ɗan danshi ba.

Kusan kowace tsohuwar algaita tana zuwa da labari, kuma labarin kusan ko yaushe na yaƙi ne: kakan wane ya busa ta a ramukan Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wani lokaci gaskiya ne. Amma dubi Bill Millin, wanda ya busa wa dakarun Lord Lovat a gaɓar Nomandi ranar 6 ga Yuni 1944, a Yaƙin Duniya na Biyu. Mutum ne sananne, ya rayu har 2010, duk da haka sai da aka yi ja-in-ja tsakanin gidan tarihin Dawlish a Ingila da wani a Faransa kan wa ke riƙe da ainihin algaitar wannan rana. Labarin da za a biya wa kuɗi shi ne mai rasit, ko wasiƙa, ko farantin azurfa na kyautar gasa mai suna da shekara, ko tsohon hoto da ake iya gane adon kayan a cikinsa.

Kunne shi ne alƙali na ƙarshe, amma shi ma a san iyakarsa. Harshen kara da salka da gwanintar mai busa suna sauya amo ƙwarai, har gwani kan sa matsakaiciyar algaita ta yi daɗi. Gwajin adalci shi ne a sa harsunan da ka sani, a salkar da ba ta yoyo, a busa na kamar minti ashirin, a ji ko sandunan uku suna haɗuwa su zama murya ɗaya su tsaya a haka. In ciniki daga nesa ne, kada a yi cinikin biri a sama. A nemi hoton kowace gaɓa ita kaɗai, da na bakin ramuka, da na hatimai kusa-kusa, a tura wa wanda ya sani kuma ba shi da kaso a cinikin. A sa mai sayarwa ya rubuta abin da yake iƙirari dalla-dalla, maƙeri, zamani, irin katako, irin ado, gyaran da aka yi, da gaɓoɓin da aka sake, tare da sharaɗin mayarwa cikin kwanakin da aka yarda in masani ya duba ya ce ba haka ba ne.